Gwaggo Maza-maza Ta Yi Baƙuwa

Gwaggo Maza-maza ba ta tambayar baƙo inda yake son zuwa. Takalminsa take dubawa. Duk wanda ya sauka a gidan hutun nan na bayan gari a baranda yake tuɓe takalmi, kuma kafin ya gama wanke fuska ta riga ta zagayo da tsintsiya wai shara take, ta ƙare musu kallo, ta yanke wa kowa hukunci. Mai takalmi mai tsini tafki za a kai ta, a zaunar da ita a kwale-kwale ta yi ta ɗaukar hoto har ta gaji. Mai sabon kambas wanda bai taɓa taka ƙasa ba, wannan ɗan cika baki ne, a ba shi hawan dutse ya ji a jikinsa. Tsofaffi masu silifas sai wurin masu kiwon zuma, akwai inuwa, akwai benci. In kuwa ta ga ƙananan takalma a warwatse, ɗaya gabas ɗaya yamma, to kogon jemagu ne, yaran su je can su ƙare ihunsu kafin a dawo mata da su.

Gidan ba nata ba ne. Na wasu mutanen birni ne masu leƙowa jefi-jefi, su shafa bango, su yaba fenti, su koma. Ita ke riƙe da makullai tun tana goyon 'yarta ta fari, ita ke gyaran ɗakunan ƙasa da na sama mai kallon gonaki, ita ke girki, kuma a ɗakunan da ke bayan kicin ta haifi sauran 'ya'yanta ta raine su. Sunan ma 'ya'yan baƙi ne suka laƙaba mata, don gari na wayewa abin da ake ji daga bakinta ke nan: maza-maza a sha shayi, maza-maza a shiga mota, rana na yi. Da fari ta ji haushi. Daga baya har in an kira ta da sunanta na yanka sai ta waiga ta ga da wa ake.

Tana da aƙida guda, kuma ba a ja da ita a kai: baƙon da ya wuni a gida fitina ne. Da safe zai yaba iska. Kafin azahar ya gano famfon banɗaki na ɗiga, ya gano tsaka a bayan labule. La'asar na yi ya biyo ki kicin yana tambayar dalilin da ya sa waya ba ta kamawa sai an je gindin tankin ruwa, sai ka ce ke kika dasa tankin. Amma wanda aka fitar tun da hantsi, aka hau da shi aka gangaro da shi, ya dawo ƙafa a kumbure, ko shinkafar da ta kama aka zuba masa sai ya rantse bai taɓa cin irinta ba. Saboda haka ita ba ta barin kowa a gida. Ko mai mura ne sai ta naɗe shi da bargo ta sa shi a kujerar gaba.

Mai kai su kuwa mijinta ne, direban gidan, wanda duniya ta sani da Nan-kusa. Tambaye shi tafki, nan kusa ne. Tambaye shi mazubar ruwa, wadda sai an ƙetare gada an bi hanyar burji har ƙugun mutum ya sage, nan kusa ne. Yana da wata tsohuwar farar bas da ake ɗaure ƙofar bayanta da igiya, kuma za ka iya zagin danginsa ya yi dariya, amma kada ka kuskura ka ce motar nan ta lalace. In ta mutu a hanya cewa yake hutawa take. Sai ya sauke baƙi wai su sha iska su ga tsuntsaye, in sun gama gani kuma ya nuna musu inda za su dafa su tura. Mutanen birni, Allah sarki, da yawansu sun ɗauka turin ma yana cikin tsarin yawon. Akwai wanda ya dawo wata shekara yana tambaya ko har yanzu ana yin na turin motar.

Haka suka yi shekara da shekaru, ita ta kora, shi ya kwasa. 'Ya'yansu ma ba su tsira ba, don da an ba da hutun makaranta take cusa su a mota tare da baƙi, ta samu sararin goge daɓe. Auta ce ta fi kowa shan wannan yawo. A kujerar gaba ta girma, kusa da ubanta, ta san kowane rami na kowace hanya, ta san jemagun kogon nan kusan da fuska. Ta tashi ta yi karatun jinya, ta kama aiki a birni, tana zuwa gida in ta samu sarari.

To, ana nan sai Auta ta bugo waya ta ce ta samu aiki a wata ƙasa mai nisa, irin wadda sai an wuni a jirgin sama, kuma in ta tafi sai an yi shekaru kafin ta leƙo. Za ta zo ta yi musu 'yan kwanaki, ta yi sallama. Gwaggo tana tsaye gindin tanki ta yi ta zuba godiya ga Allah da ƙarfi, ta sa albarka, ta ce abin da ake ta addu'a ke nan. Da ta kashe wayar sai ta wuce sito, ta ja ƙofa, ta zauna tsakanin zannuwan gado da kwalayen sabulu ta yi kuka har ta gode Allah.

A siton nan ta yanke shawara. Ta san bakinta, ba shi da birki. In ta yarda ta zauna da yarinyar nan su biyu, ido cikin ido, ba makawa sai ta ce kada ki tafi. Ta kuma san Auta da sanyin zuciya: in uwarta ta furta haka, akwatinta za ta kwance ta ce ta fasa, ta zubar da abin da ta sha wahala a kansa. Don haka ba za a zauna ba. Ba za a ga hawayenta ba, ba za a ji komai daga bakinta ba sai fatan alheri, har yarinya ta shiga mota lafiya. Yadda za a yi kuwa ai sana'arta ce.

Lokacin babu baƙi, gidan fayau. Ta kira masu gida ta roƙi ɗakin sama, suka ce ai ba sai ta tambaya ba. Ta shimfiɗa sabon zanen gado, ta ninke tawul ta ɗora ƙaramin sabulu a kai, har da ruwan sha a jug an rufe da faranti. Da Auta ta iso, ta nufi ɗakinsu na bayan kicin da jakarta, sai uwar ta tare ta ta nuna mata bene. Auta ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Umma, ni ce fa." Gwaggo ta ce ta sani, ai shi ya sa, yau dai ɗan gida ma ya ɗanɗana. Tana magana idonta na kan takalman da Auta ta tuɓe: shafaffu, masu taushi, dunduniyar ta cinye, irin na mai wuni a tsaye. Mai irin wannan takalmi babu inda ba za a tura ta ba.

Washegari tun da sassafe kwando ya haɗu: burodi, dafaffen ƙwai, lemo, shayi a filas. Tafki za a je. Auta ta tuna mata cewa a tafkin nan ta koyi iyo, bayan ta faɗa ciki ba shiri. Gwaggo ta ce an sake fentin kwale-kwalen, ba ta gani ba. Auta ta ce to su tafi tare, uwar ta ce wa zai wanke labulaye? Kafin a ƙara wata magana an rufe ƙofar mota, an ɗaure igiya.

Ba su daɗe ba. Mai kwale-kwale ya gane Auta, ya ba ta labarin faɗawarta ruwa tun daga farko, ya sake ba ta, suka zagaya sau ɗaya, uban da 'yar suka cinye ƙwai suka juyo. Gwaggo na jin kukan bas daga kwanar gonaki ta zabura ta taka kujera ta hau cire labulayen falo, waɗanda ko mako ba su yi da wanki ba. Daga kan kujerar ta balbale mijin da faɗa, wai ko baƙon da ya fi kowa raki ba ya dawo da shi kafin la'asar, sai 'yarsa ce zai yi wa rowar yawo. Da yamma Auta ta shigo kicin ta ɗauki wuƙa za ta yanka albasa, aka karɓe wuƙar aka ce baƙo ba ya shiga kicin. A tire aka kai mata abinci har sama, da cokali a naɗe cikin tsumma mai tsabta.

Kashegari aka haɗa musu biyu, don kada a sake dawowa da wuri: hawan dutse da safe, masu zuma da rana. Nan-kusa, wanda rabonsa da hawa dutsen nan tun gwiwarsa na da mai, ya saba ya tsaya a ƙasa ya nuna wa baƙi hanya da baki. Ranar dole ya bi 'yarsa har sama, yana hawa yana ambaton Allah. Suka dawo shi yana ɗingishi, ita da kwalbar zuma da kumburarren kunne, don wani ƙudan zuma ya yi mata maraba. Gwaggo ta shafa mata magani a tsaitsaye, tana kallon kunnen kaɗai, ta ce ai harbin zuma lafiya ne, ta tuna akwai tukunya a wuta. Babu komai a wutar sai ruwan zafi.

Rana ta gaba kogon jemagu. Nan kam Auta ba ta yi dariya ba, ta dai ɗauki kwando ta shiga mota. Da suka dawo ta gaishe da uwarta a ladabce, irin gaisuwar da ake yi wa matar maƙwabci, ta hau sama ta rufe ƙofa.

Nan-kusa ya samu matarsa a bayan kicin tana goge tukwanen da ke ƙyalli tun jiya. Ya jawo bokiti ya kifa ya zauna, ya miƙe ƙafar da ke ciwo, ya ce, "Ranki ya daɗe, yarinyar nan fa ba jemagu ta zo yi wa sallama ba."

Ta ce in ya gaji da tuƙi ya faɗa, ba sai ya yi kwana-kwana ba. Ya ce bai gaji ba, amma ta sani, Auta ko leƙa kogon ba ta yi ba. A bakin ƙofa ta zauna kan dutse, ta sa shi ya yi ta ba ta labarin uwarta: yadda suka haɗu, yadda ta zo gidan nan, abin da take yi in dare ya yi ba kowa. Da za su taso kuma ta ce ya tambayar mata, in wani laifi ta yi a gaya mata ta nemi gafara kafin ta tafi.

Maganar ta soki Gwaggo har ƙahon zuciya. Ta ji kamar ta yar da soson ta hau benen nan da gudu. Amma taurin kai, in ya samu wurin zama, ba ya tashi da sallama ɗaya. Ta ce laifin me, yarinya ana nuna mata gata tana neman magana. Gobe ma mazubar ruwa za su, ta ajiye musu mafi kyau don ranar ƙarshe. Mijin ya dube ta, ya san lissafinta sarai: mazubar ruwa ita ce mafi nisa, in an fita da hantsi sai magariba, a dawo a gajiye a kwanta, gari na wayewa Auta ta kama hanya. Ya tashi ya mayar da bokitin inda ya ɗauko shi.

Kwandon ranar ƙarshe ya fi na kullum. Har kaza ta soya. Auta ta sauko a shirye, ba gardama, ba tsokana, ta shiga gaba ta zauna ta ɗora hannu a cinya tana kallon gilashi. Wannan shirun ya fi wa Gwaggo ciwo a kan duk wani ƙorafi, amma ta cije, ta ɗaure igiyar ƙofa da hannunta, ta ce maza-maza.

Nan-kusa ya murɗa makulli. Motar ta yi tari, ta yi shiru. Ya sake, ta sake. Ya sauko ya buɗe gaba, ya leƙa, ya girgiza kai, sannan a gaban Allah da matarsa da 'yarsa ya faɗi abin da ba a taɓa ji daga bakinsa ba tunda ya fara riƙe sitiyari.

"Motar nan ta lalace."

Har Auta sai da ta leƙo ta taga. Gwaggo kuwa ta san tarin motar nan fiye da na mijinta, ta san na gaske, ta san na ƙarya, kuma wannan na wanda aka zare wa waya ne. Ta ce a tura. Ya ce ba ta turi ba ce. Ta ce a kira makanike, ya ce ya yi tafiya. Ta ce to mai babur ɗin bakin titi, ya ce ya ji an ce shi ma yana fama da baya. Ƙarya dai tsagwaronta, yana yi ko kunya babu. Daga nan ya ce bari ya taka ya nemo abin da ya ƙone, nan kusa ne, ya sunkuci kwandon gaba ɗaya wai ko zai daɗe, ya bi ta bayan tanki yana ɗingishi. Kowa ya san iyakarsa gindin bishiyar da ke bayan katanga, shi da kaza.

Saura su biyu a tsakar gida. Gwaggo ta waiga hagu da dama. Ta fara lalube: akwai tsohuwar gadar nan, da ƙafa ma ana zuwa, akwai kuma wani mai tukwane a ƙauyen gaba, hannunsa da kyau. Auta kuwa ta buɗe ƙofa. Ta sauko daga mota, ta shige ɗakin bayan kicin, ta fito da mataji da kwalbar man kitso da 'yar kujerar tsuguno. Ta ajiye kujerar a baranda, ta zauna a ƙasa gabanta, ta zare ɗankwali. Ashe tun asuba ta tsefe kan.

"Umma, can ba ni da mai yi mini. Ki yi mini wanda zai daɗe."

To fa. Yawo ana iya tura mutum, amma wace uwa ce za ta bar 'yarta ta hau jirgi da kai a tsefe, mutanen wata ƙasa su ce ba ta da kowa? Gwaggo ta yi tsaki, ta ce dubi kai kamar sheƙar tsuntsu, ma'aikaciyar asibiti guda, ashe ƙazanta ake tafkawa a birnin. Ta wanke hannu, ta zauna, ta jawo kan ta matse shi tsakanin gwiwoyinta.

Sai da ta tsaga layin farko ta lura da wani abu: daga nan bayan, babu mai ganin fuskarta. Ƙeya kawai ke gabanta, da kunnen da zuma ta harba. Kafaɗunta suka sauka. Ta lakato mai, ta fara, ƙanana-ƙanana, irin waɗanda rabonta da yi tun Auta na firamare.

Baki kuwa da ya samu hanya sai ya ɓalle. Ta ce an ce ƙasar akwai sanyi, ta riƙa sa safa ko da mutane za su yi dariya. Ta ci abinci a zaune, ba a tsaye ba kamar uwarta. Kada ta yarda a mayar da ita jakar aiki don an ga tana da haƙuri. Ta riƙe salla. In ta kira waya ta kira da rana, lokacin da ake iya zuwa gindin tanki. Auta na cewa to, to, kai a sunkuye. Suka gangaro kan ranar da ta faɗa tafki, Gwaggo ta ba ta ɓangaren da mai kwale-kwale bai sani ba, yadda ita Gwaggon ta bi uban Auta da muciya har cikin bas ya kulle kansa. Suka yi dariya, Auta har tana ƙwacewa, aka dungure mata kai aka ce ta zauna daidai.

A tsakiyar dariyar ne abin ya zo, ba sallama. Ɗigo ɗaya ya sauka a kan tsagar, wani ya biyo. Gwaggo ta sa babban yatsa ta shafe su tare da man, ta ci gaba, tana fatan a ɗauka gumi ne. Auta ta daina dariya. Can ta ɗora hannu a kan ƙafar uwarta, ba ta waigo ba.

"Umma, in kin ce in zauna, zan zauna."

Hannun Gwaggo ya tsaya cak da silin gashi a tsakanin yatsu. Ga abin da ta yi ta gudu, an ajiye mata shi a cinya. Kalma ɗaya ce, tana nan a kan harshenta, kuma ta san in ta sake ta an gama: za a sauko da akwati daga sama, Auta za ta riƙa zuwa duk ƙarshen wata tana yanka mata albasa. Ta so hakan, so mai tsanani, har ƙirjinta na zafi.

"Ina so ki zauna," in ji ta. "Wallahi ina so. Tun ranar da kika bugo waya ban yi barcin kirki ba, kuma ba laifin da kika yi mini, tsoron bakina nake. Amma in kika zauna saboda ni, ba zan yafe wa kaina ba har in mutu. Ki tafi, Auta. Na yarda, na sa miki albarka. Ki tafi."

Auta ta kifa goshi a gwiwar uwarta, suka yi kukansu a fili, ba mai rarrashin wani. Da ya lafa, Gwaggo ta fyace hanci da gefen zane, ta kama kan ta daidaita shi, ta ce a daina motsi haka nan, ana ɓata mata aiki. Ta dubi rana, ko tsaka ba ta yi ba, ga shi har ta ci rabin kai. Ta bi layin da ta gama yanzu da yatsa, ya miƙe sambal, babu abin da ya same shi. Ta ce wannan ya karkace. Ta warware shi a hankali, ta sake kamawa daga farko.